Rada, tauraron ɗan adam ko lissafin kwamfuta: wanne zai fara gaya wa Damagaram cewa hadari na tafe?

Gab da faɗuwar damina mun zauna a ƙofar gidan mai unguwarmu bayan la'asar, ana maganar yashe magudanun ruwa da sabunta yaɓe, sai zance ya karkata ga gargaɗin hadari. Wani matashi ya zaro salularsa ya nuna mana manhajar da ta ce gobe akwai ruwa. Wani malamin makaranta ya ce shi bai yarda da komai ba sai ranar da aka kafa mana na'urar rada mai hango ruwan sama daga ƙasa a Damagaram, irin wadda Turawa ke aiki da ita. Na ukunsu ya ce ai tauraron ɗan adam ya riga ya gama magana. Mai unguwa ya juyo wajena, don ya san na daɗe ina bin lamarin, ya ce, "To ɗana, cikin ukun nan wanne za mu riƙe? In kuma hukuma ta tambaye mu abin da za a fara kawo mana, me za mu ce?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu in tsara amsa." Ga amsar, na faɗaɗa ta don masu gidajen rediyo da kwamitocin unguwanni da ƙungiyoyin manoma da ke da irin wannan tambaya.

Ba za a iya zaɓen na'ura ba sai an san halin hadarin da za ta yi gadi. Ruwan da garin Damagaram ke samu a shekara yana kai-komo wajen milimita 400, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, Agusta ta fi kowane wata. Amma ba da kaɗan-kaɗan yake zuwa ba. Kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na ruwan Sahel daga manyan hadura ƴan ƙalilan yake fitowa, irin waɗanda ke haɗa sahu guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita. Yawanci da yamma suke fara haɗuwa, sau da yawa kusa da tsaunuka irin na Darfur da Enedi da Azbin da tudun Jos, sannan su miƙa yamma da gudun kilomita 40 zuwa 60 a awa, su kwana suna tafiya. Kowa a garin nan ya san jerin zuwansu: gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya cak, sai jar ƙura ta taso kamar katanga, ta kwashe kwano da zana da rumfunan kasuwa, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya da tsawa, daga baya yayyafi ya ɗauki awa biyu ko uku. Wani bincike da masana daga Ingila suka jagoranta, wanda ya fito a 2017, ya duba hotunan tauraron ɗan adam tun daga 1982, ya gano cewa haduran Sahel mafiya tsanani sun ninka sau uku. Abin da tsofaffinmu ke faɗi ke nan, cewa ruwan yanzu ba shi da ladabi irin na da.

Mun gani da idonmu a 2024. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. A faɗin Nijar a daminar nan mutum fiye da 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya kuma abin ya shafa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Babu na'urar da za ta hana ruwa zuba, ruwa na Allah ne, kuma wanda ya hau soro ya hango hadari ya ce wa mutanen gida su kwashe shanya bai yi da'awar sanin gaibu ba. Na'urorin nan soro ne kawai da ya fi namu tsayi.

Abin da nake so a riƙe tun daga nan shi ne kowace buƙata da irin lokacin da take nema. Matar da ta shanya tattasai ko gero, minti talatin sun ishe ta. Makiyayin da zai tsallaka kori da garke, ko direban da zai tashi daga Damagaram zuwa Gure da dare, awa biyu ko uku yake bukata. Iyalin da ke kwana a ɗakin ƙasa da ya riga ya sha ruwa, suna son a gaya musu kafin su kwanta. Manomin da zai zuba taki ko magini mai buga tubali, kwana biyu zuwa uku yake tambaya. Babu ɗaya cikin hanyoyin nan uku da ke biyan waɗannan buƙatu duka, kuma yawancin gardamar da muka yi a ƙofar gidan mai unguwa daga nan ta samo asali.

Zan fara da tauraron ɗan adam, don shi ne muke da shi a hannu yau. Taurarin Meteosat na EUMETSAT, ƙungiyar ƙasashen Turai mai kula da taurarin yanayi, mai hedikwata a Damstat ta ƙasar Jamus, suna tsaye ne a nisan kilomita 36,000 daga ƙasa, saitin tekun Gini, suna juyawa daidai da juyawar duniya. Wannan wuri ya fi yi wa Afirka daɗi fiye da Turai da ta biya kuɗinsu, don mu kusan ta tsakiyar kai suke kallonmu. Tsofaffin suna ɗaukar hoto duk minti 15. Sabon da aka harba ranar 13 ga Disamba 2022, wanda ake kira Meteosat-12, yana ɗauka duk minti 10, hotonsa ya fi fitowa, kuma yana ɗauke da abin da Afirka ba ta taɓa samu ba: kyamarorin da ke ƙirga walƙiya dare da rana.

Tauraron ba ruwa yake gani ba, saman girgije yake gani, yana auna sanyinsa. Girgije in ya yi tsawo samansa sai ya yi sanyi, babban hadari kuwa yana kai kilomita 15 ko fiye, sanyin samansa ya kai digiri 70 ko 80 ƙasa da sifili. Da yake zafi da sanyi ake aunawa, duhu ba ya hana shi aiki, wannan kuwa babban abu ne a wurinmu da hadura da yawa ke isowa cikin dare. Ma'aikacin meteyo, wato hukumar hasashen yanayi, yana jera hotuna shida ko takwas, ya ga inda dunƙulen sanyin nan ya dosa da saurin da yake yi, ya lissafa. Gure tana gabas da mu da kilomita kusan 140 in an miƙe hanya. Hadarin da ke kanta yanzu, in yana gudun 50 a awa, ya ba mu kusan awa uku. Wanda aka gani a kan Difa, kusan kilomita 400, ya ba mu awa bakwai ko takwas, in bai watse a hanya ba. Akwai ma manhajojin da ke yi wa kowane dunƙule da'ira su nuna wanda ke girma da wanda ke mutuwa. Walƙiya ta ƙara cike gurbi: in ta yawaita farat ɗaya a wuri guda, alama ce hadarin yana ƙara ƙarfi, kuma a nan zuciyarsa take.

Rauninsa ma a bayyane yake. Saman babban hadari yana bajewa kamar malafa, ya rufe ƙasa mai faɗi, alhali ruwan mai ƙarfi a siririn layi yake zuba. Sai ka ga hoto ya lulluɓe Mirya da Magarya da Matamaye gaba ɗaya, gari ya waye ka ji Magarya ta sha milimita 60, Mirya kuwa ko ƙura ba ta kwanta ba. A farkon damina, da kuma can arewa wajen Tanut, iskar ƙasa kan yi bushewar da ruwan ke ƙafewa kafin ya sauko, sai a tashi da holoƙo. Babban rauninsa kuma shi ne hadarin da bai haɗu ba tukuna. Wanda ya taso daga nesa ana iya bin sawunsa, amma wanda zai haɗu a kan garin da la'asar, tauraro ba zai ba ka fiye da rabin awa ko awa guda ba. Masu bincike sun gano cewa hadari ya fi son farawa a kan busasshiyar ƙasa da ke maƙwabtaka da wadda ta jiƙe, ana kuma ƙoƙarin amfani da wannan don ƙara tazarar gargaɗi, amma abin bai kai a dogara da shi kaɗai ba.

Kuɗinsa fa? Nan ne ya yi wa sauran nisa. Ba mu muka harba shi ba, ba mu ke kula da shi ba. Hukumomin yanayi na ƙasashen Afirka suna karɓar bayanansa kyauta da faranti irin na talabijin da ƴan kwamfutoci, kuma duk mai intanet yana iya buɗe shafin EUMETView ya kalli hoton. A Yamai akwai Hukumar Meteyo ta Ƙasa, ga cibiyar AGRHYMET ta nazarin yanayi da noma da ruwa da aka kafa a 1974, ga cibiyar yanayi ta ACMAD mai yi wa nahiyar baki ɗaya aiki. Ƙasashe kaɗan ne a Afirka ke da irin wannan taro na masana a babban birninsu. Abin da ya rage shi ne mutumin da zai zauna gaban hoton da idon Damagaram, ya san garuruwan da ke gabas da mu, cewa Gidimuni ba Gidigir ba ce.

Sai rada, wadda malamin makarantarmu ke so, kuma yana da hujja. Ita daga ƙasa take aiki. Faranti ne a cikin farin ƙoƙo a kan hasumiya, yana juyawa yana harba igiyar lantarki, in ta bugi ɗigon ruwa ko ƙanƙara ta dawo. Daga lokacin da ta ɗauka a san nisa, daga ƙarfin dawowarta a san yawan ruwan. Duk minti biyar zuwa goma take zagaye sararin sama, tana bambance wuri da wuri da tazarar kilomita guda ko ƙasa da haka. Na zamani suna auna gudun iskar da ke cikin hadarin, suna kuma rarrabe ruwa da ƙanƙara. Wato abin da tauraro ke hasashe daga saman malafa, ita tana leƙa cikinsa ta gani. Gani ya kori ji. In ana son a ce ruwa mai ƙarfi zai sauka a Zango da Birni nan da minti arba'in, ko a ce gaban iskar nan mai kwashe kwano ya wuce Mirya, babu abin da ya kama ƙafar rada.

Amma idonta gajere ne. Tana kaiwa kilomita 200 zuwa 250, kuma tun kafin nan ganinta ya fara rauni, saboda duniya a lanƙwashe take, igiyar kuwa kusan a miƙe take tafiya. A nisan kilomita 200 igiyar ta riga ta yi sama da ƙasa da kusan kilomita huɗu, sai ta ga ruwan da watakila ba zai sauko ba. Don haka rada da ke Yamai, fiye da kilomita 700 daga nan, ba ta da abin da za ta gaya mana. Wadda aka kafa a Damagaram za ta rufe Mirya, Magarya, Matamaye, Tanut, Gure da Tasawa, ta taɓo gefen Maraɗi da Kano. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a nan mafi yawan mutanen jihar suke, jihar da ƙidayar 2012 ta ba mutum miliyan uku da rabi. Sai dai a lura: hadarin da ke gudun 50 a awa, daga bakin ganin rada zuwa tsakiyar gari awa huɗu ne. Tauraro ya riga ya gan shi tun yana bayan Difa.

Akwai kuma zaɓi a cikin radar kanta. Mai doguwar igiya, kamar santimita 10, tana ratsa ruwa mai ƙarfi ba ta gaji ba, amma ita ta fi girma da tsada. Mai santimita biyar ta fi araha, sai dai ruwa irin namu yana rage mata ƙarfi, abin da ke bayan sahun farko ya dusashe. Ƙarama mai santimita uku ta dace da gadin gari guda, ba ta nisa. Duwatsun da suka yi wa garinmu ado ma sai an yi lissafinsu wajen zaɓen wuri, don suna tare igiya suna mayar da amsar ƙarya.

Abin da ya fi damuna game da rada ba sayenta ba ne, ko da yake kuɗin ya haura dalar Amurka miliyan ɗaya, wato ɗaruruwan miliyoyin sefa, ban da hasumiya. Riƙe ta ne. Tana son wutar da ba ta yankewa, kuma lokacin da aka fi bukatarta, lokacin iska da tsawa, shi ne lokacin da wuta ta fi ɗaukewa. Ba mu manta yadda layin da ke kawo mana wuta daga Najeriya ya tsaya a Agustan 2023, tsakiyar damina, har watanni. Tana son ɗaki mai sanyi a garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu mai shiga ko'ina. Tana son injiniyoyi da ke zaune kusa da ita, da kayan gyara da sai an yi odarsu daga waje. Wani ƙiyasi da aka yi daga rajistar Hukumar Yanayi ta Duniya ya nuna Amurka da Tarayyar Turai suna da rada fiye da 600, Afirka mai yawan jama'a fiye da nasu ba ta kai 40 ba. Cikin ƴan kaɗan ɗin ma da yawa sun tsaya saboda rashin gyara. A 2006 masu bincike na AMMA, shirin nazarin daminar Afirka ta Yamma, sun kawo radar jami'ar MIT ta Amurka Yamai, ta yi damina biyu tana aiki, an koyi abubuwa masu yawa game da haduranmu daga gare ta, amma ta bincike ce, da aikin ya ƙare gadin ya ƙare. Ni dai ba na so mu samu farin ƙoƙo a kan hasumiya da za mu riƙa nuna wa baƙi alhali ya shekara uku bai juya ba.

Na uku shi ne lissafin kwamfuta, wanda ƴan meteyo ke kira model, kuma shi ne ke cikin salular matashin nan ko bai sani ba. Ana yanka sararin samaniya gida-gida, a zuba ma'aunin zafi da laima da iska na yanzu, manyan kwamfutoci su lissafa yadda za su motsa zuwa gobe da jibi. Na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, faɗin kowane gida nasa kilomita tara ne, na Amurka mai suna GFS kusan 13, ana sabunta shi sau huɗu a yini. A Turai da Amurka wannan lissafi yana aiki ƙwarai, don ruwansu da manyan guguwowi masu faɗin dubban kilomita yake zuwa.

A wajenmu yana tuntuɓe, saboda dalilai biyu. Na farko, iskar da ke hawa ta haifar da hadari faɗinta kilomita ɗaya ne ko biyu, ta fi gidan lissafin ƙanƙanta, kamar a ce za a tankaɗe gari da rariya mai manyan ƙofofi. Sai a ƙiyasta ta kawai, shi ya sa waɗannan lissafe-lissafe suka saba ba da ɗan ruwa kaɗan kusan kullum da rana tsaka, maimakon babban ruwa guda da dare. Na biyu, lissafi da abin da aka ba shi yake farawa. Tashoshin awo na Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce ya kamata ba, balan-balan ɗin da ake saki su auno sama kuma ƴan kaɗan ne, musamman gabas da mu inda haduranmu ke fitowa. A 2018 masana a Karlsruhe ta Jamus sun gwada manyan lissafe-lissafen duniya a kan ruwan arewacin Afirka mai zafi, na kwana ɗaya zuwa biyar, suka ga da ƙyar suke kamo wanda ya buɗe littafin shekarun baya ya ce a irin wannan mako yawanci kaza ake samu. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ya kamata duk mai manhaja a salula ya san ta.

Ba ina cewa a yar da shi ba. Akwai wani kaɗawar iska da ke ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma duk kwana uku zuwa biyar, hadura kan bi ta, lissafi kuma yana kama ta da dama-dama. Don haka in ya ce kwanaki uku masu zuwa na laima ne, ko kuma za a shiga ɗan fari na mako guda, a saurare shi. Zafin bazara da hazon hunturu ma yana faɗinsu da kyau. Mai zuba taki da mai buga tubali da mai shirin biki nan ne wurinsu. Abin da ba zai iya ba shi ne ya ce ƙarfe tara na dare a Damagaram. Akwai lissafi mai ƙananan gidaje, na Faransa kilomita 1.3, na Amurka kilomita uku ana sabunta shi duk awa, an kuma gwada irinsu a kan Afirka an ga sun fi kama lokacin da hadari ke tashi. Amma na Amurkar da bayanan rada ake ciyar da shi, ka ga an koma gidan jiya. Sababbin da ke aiki da ƙirƙirarriyar basira, kamar wanda ECMWF ta fara aiki da shi a Fabrairun 2025, suna da sauri da araha, sai dai daga bayanan shekarun baya suka koya, inda bayanan suka yi ƙaranci kuwa karatun ma ya yi ƙaranci.

Gargaɗi biyu ga masu salula. In manhaja ta nuna maka taswira ta rubuta "rada" a kan Damagaram, mafi yawan lokaci ƙiyasin tauraro ne ko na lissafi aka yi wa launi. Sannan hotunan tauraro da agogon duniya ake rubuta lokacinsu, mu kuwa muna gaba da awa guda. In ka ga 18:00, ƙarfe bakwai na yamma ke nan a nan. Na ga mutanen da wannan awa guda ta ruɗa.

Akwai na huɗu da babu wanda ya ambata a zamanmu, alhali sauran ukun duk a kansa suke tsaye: awon ƙasa. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Ma'aunin ruwan da ke farfajiyar ma'aikatar gona, wanda ake karanto sakamakonsa a rediyo da damina, shi ke gaya wa tauraro da rada ko sun yi daidai. Shi ne kuma ke faɗin abin da ya fi kashe mutane a gidajen ƙasa, wato tarin ruwan kwanaki. Katanga ba ruwan dare ɗaya ke kayar da ita ba, na huɗu ko na biyar ne ke samun ta ta riga ta jiƙe har gindi. In an san unguwa ta sha milimita 100 cikin mako, hadari matsakaici ma ya isa a ce wa mutane su fita daga ɗakin da ya tsage. A Burkina Faso an nuna a 2014 cewa ana iya auna ruwa daga yadda yake raunana saƙon da ke tsakanin turakun salula, turakun nan kuwa ga su nan jere a kan hanyar Gure. Mutum ma ma'auni ne. Wanda ke Gidimuni in ya kira ya ce iska ta iso, ya ba mu kusan awa guda. Na Mirya, kilomita 18, minti ashirin.

To, ga abin da na zaɓa. In tambayar ita ce me za a fara da shi don gargaɗin awa ɗaya zuwa shida, tauraron ɗan adam ne, ba tare da jinkiri ba. Ya riga ya wanzu, yana gani da dare, yana ganin Cadi da Najeriya ba ruwansa da iyaka, kuma irin hadarinmu mai tafiya daga nesa shi ne irin wanda ya fi iya bi. Kuɗin farko su tafi wajen ma'aikatan meteyo da za su yi gadin dare a damina, da wutar rana da batura don kwamfutocinsu, da hanyar da maganarsu za ta isa rediyo cikin minti goma. Na biyu su tafi ga ma'aunan ruwa da tashoshi masu aiko da awo da kansu, a fi zuba su gabas. Lissafin kwamfuta a riƙe shi don shirin kwanaki, da safe a ce yau ranar sa ido ce ko a'a. Rada ta zo ta uku, kuma in za ta zo, ta zo da kuɗin gyaran shekara goma a rubuce, da injiniyoyi ƴan ƙasa da aka horar tun kafin a sauke ta daga mota. In aka cika wannan sharaɗi zan zama na farkon masu murna, don filin jirgin sama da matatar man da ke arewa da gari da unguwannin da ke cikin kwari duk suna bukatar irin ganin da ita kaɗai ke da shi. In ba a cika ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa'adin ƙarshen 2027 don kowane mutum a duniya ya samu gargaɗin gaggawa. A Damagaram wannan yana nufin magana da Hausa da Barbarci da Fillanci da Buzanci da Tubanci, mai faɗin abu huɗu: ina, yaushe, me ke tafe, me za a yi. "Akwai yiwuwar ruwa a wasu sassan jihar" ba gargaɗi ba ne. "Hadari mai iska ya wuce Gure, ana sa ran isowarsa Mirya da Damagaram tsakanin ƙarfe goma da sha biyu na dare, a ɗaure dabbobi nesa da katanga, kada a tsallaka kori, kada a fake gindin itace," wannan shi ne. Wani lokaci za a faɗa hadarin ya watse ko ya kauce kudu. In haka ta faru a fito da safe a ce ya kauce, a faɗi inda ya sauka, don mutane su ga ba ƙarya aka yi musu ba. Sanarwa ta hukuma kuma daga meteyo take fitowa, aikin ƴan unguwa shi ne su karɓa su isar, su kuma mayar da labarin abin da suka gani.

Da na kai wa mai unguwa wannan bayani ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na ji, ɗana. Amma ƙarfe biyun dare rediyo a kashe yake. Wa zai tashe mu?" A nan muka rubuta sunan matasa huɗu, kowa da darensa na bin sanarwar meteyo da hoton tauraro daga Yuli zuwa Satumba. Muka samo lambar wani mai shago a Gure da ta wani ma'aikacin lafiya a Gidimuni. Ladan ya yarda a kira shi ko da tsakar dare ne ya buɗe lasifika, aka kuma ƙirga gidaje goma sha ɗaya masu tsagaggen bango da za a fara ƙwanƙwasa wa ƙofa, tare da makarantar da za su kwana a cikinta.